Shekarar da Na Yi Kyandir da Kakiɗe

Ni ne na haskaka Dutse. Ku rubuta wannan ku ajiye, domin ranar da ba na nan babu mai faɗa muku. Lokacin da aka yanko Jigawa daga Kano aka ce Dutse ce hedikwata, an kakkafa turaku an ja wayoyi, wayoyin kuwa suka zama wurin hutawar tsuntsaye. Wuta takan leƙo ne kamar baƙuwar da ta ɓata hanya, ta gaisa a tsaitsaye ta wuce. Ma'aikatan da aka kwaso daga Kano, masu manyan riguna da manyan takardu, da magariba ta yi duk a hannuna suke. Da na yi fushi na kashe murhuna mako guda, da babban sakatare ma sai ya lalubi bakinsa kafin ya kai lomar tuwo. Sunana Garba. In ka ce Garba a unguwarmu mutum goma za su waiwayo, amma in ka ce Garba Mai Kyandir, ni kaɗai ne.

Abin da ya sa na ɗauki biro, kwanan baya wasu samari suka tare ni a majalisa da waya a hannu. Suka nuna mini wata mata tana yin kyandir, kafin in gyara zaman tabarau har ta gama. Ɗayansu ya ce, "Baba Garba, ashe wannan ce sana'ar da kake cika mana kunne da ita? Narkarwa ne da zubawa kawai." To, ku matso.

Kyandir na farko da na yi da hannuna, a Ringim na yi shi, a zauren Kawu Ilu, ƙanin mahaifiyata. Shi ya yi aiki a wani kamfanin kyandir a Kano, da aka rage ma'aikata ya dawo gida da mazubi guda biyu da tari a ƙirji. Mazubin nan mu inji muke ce masa, ko da yake babu abin da ke motsi a jikinsa. Faranti biyu ne na sanholo masu kwarmi-kwarmi, in ka haɗa su ka ɗaure da noti sai kwarmin ya zama bututu goma sha biyu, kowane bututu kyandir ɗaya. Wata uku na yi a zauren nan Kawu bai bar ni na taɓa kaki ba. Lagwani kawai. In ja zare ta tsakiyar kowane bututu, in ɗame shi, in ɗaure. Ya zo ya ɗana shi da ɗan yatsa kamar mai gwada molo, in bai ji ƙarar da yake so ba ya ce in kwance duka. Akwai wani tsohon buhu a gefen ƙofa, a kansa nake zama ina wannan aikin daga hantsi har la'asar, har buhun ya ɗauki siffar jikina.

Ranar da ya yarda na zuba, na sa sabuwar riga. Da kakin ya huce na ɓare injin, na ɗauki kyandir guda na kafa a bakin kwalba muka shiga ɗaki muka kunna. Ashe lagwanin ya karkace zuwa gefe. Kakin ya riƙa zuba ta ɓari ɗaya yana gangarowa, kafin Kawu ya shanye kofin shayinsa kyandir ya ƙare. Ya dubi kwalbar ya dube ni.

"Garba, wa ya mutu?"

Na ce, "Babu kowa, Kawu."

"To me ya sa yake kuka haka, kuma da ido ɗaya?"

Wata guda ya ƙara mini a kan lagwani.

Ga abin da matar cikin waya ba ta nuna muku ba. Kaki yana zuwa ne falle-falle kamar allo, ka farfasa shi da gatari ka zuba a rabin duro a kan murhu. In wuta ta yi yawa ya fara hayaƙi, saura ƙiris ya kama, kuma in ya kama kada ka kuskura ka kawo ruwa, murfi za ka kifa. Ɗigon ruwa ɗaya a cikin kaki mai zafi ya isa ya yi maka zanen da ba wanzami ne ya yi ba. Ga shi nan a hannuna na hagu, duk mai so ya zo ya gani. In ka zuba da zafi sosai, tsakiyar kyandir za ta rafke ta bar rami. In ka bari ya fara sanyi, zai fito da tamoji kamar goshin tsoho. Sai ka shafe cikin injin da man gyaɗa kaɗan, ka zuba da butar ƙarfe a hankali, ka tsoma injin a bahon ruwa, ka jira ya shanye, ka sake ciko. Lagwani in ya yi kauri, hayaƙi zai baƙanta wa mutane ɗaki. In ya yi siriri, wutar ta nutse a cikin kakinta ta mutu. Sannan akwai wani farin gari mai kama da tsakin shinkafa, sitarin muke ce masa. Kwano ɗaya ake sawa a cikin goma na kaki. Shi ke ba kyandir ƙashin baya, ya tsaya ƙyam ko da zafi ya yi zafi. Ku riƙe sunan garin nan, shi ne ya kusa tashi da ni.

Na dawo Dutse da inji ɗaya da Kawu ya ba ni, na yi aure, na kafa murhu a bayan ɗakin matata Hajara. Ni ke zubawa, ita ke daidaita gindin kyandir a kan faranti mai ɗumi tana naɗewa takwas-takwas a shuɗiyar takarda. Masu saye kuwa ba a magana. Masu shayi, teloli, ɗalibai masu jarrabawa, ma'aikata gwagware da suka baro iyali a Kano. Amma manyan masu ɗauka wasu gidaje ne a bayan gari inda ake zaman karta da shan abin da ba a faɗa. Kowane tebur kyandir a bakin kwalba, kuma su ba sa kashewa don tattali. Ni ban taɓa shiga ba, a ƙofa nake sauke kaya. To, sau ɗaya na shiga, shi ma inuwa na bi.

Da aka ƙaddamar da shari'a, gidajen nan suka rufe. A matsayina na Musulmi na yi hamdala har da ɗaga hannu. A matsayina na mai kyandir na koma gida na yi tagumi, domin rabin kasuwata ta tafi a mako guda. Ga kyandir ɗin kamfani daga Kano ya cika shaguna, fari sol, a cikin kwali mai sheƙi. Mutum ɗaya ya rage mini mai ɗaukar kaya da yawa, Alhaji Sabo, mai babban shagon sari a kasuwar Shuwarin, wanda 'yan tireda na ƙauyukan Kiyawa ke saye a wajensa. Shi ma rabin kantarsa na Kano ne, rabi nawa. In Alhaji ya sake ni, sai dai in mayar da injin faranti a riƙa shanya kuɓewa.

A wannan lokacin kowa ya shiga taitayinsa, ana tambayar abin da ke cikin komai, daga sabulu har man shafawa. Wata safiya a teburin mai shayi, wani direban babbar mota da ban taɓa gani ba, ban kuma sake gani ba, ya ji ana ce mini Mai Kyandir. Ya ce, "Ai farin garin nan da kuke sawa, a can ƙasashen da kitsen alade ake yin sa."

Ban tambaye shi inda ya ji ba. Abin da ya faɗo mini a rai kawai shi ne, duk kyandir ɗin kamfani da garin nan ake yin sa. Kafin azahar na faɗi maganar a wuri uku. Kafin Juma'a ta dawo mini da riga da hula: wai akwai wanda ya ga aladen da idonsa ana shiga da shi kamfani.

Sai na yi abin da na ɗauka dabara ce da ba a taɓa yi ba tun da aka halicci duhu. Na tafi kwata wajen mahauta na sayo kitsen shanu, na soya shi ya narke, na tace da tsohon zanen Hajara, ya daskare ya zama kakiɗe. Na jingine sitarin, na zuba kakiɗe a madadinsa. Da farko kaɗan na sa. Da na ga ya haɗu da kaki lafiya lau, kuma kitse ya fi kaki sauƙin samu, na ƙara hannu har ya kusa rabi. Lokacin sanyi ne, ana dab da azumi, don haka kyandir ya fito da tauri, launinsa kamar madara. Na sa aka sassaƙa mini hatimi na riƙa bugawa a kan takarda: na halal ne, da kitsen shanun da Musulmi suka yanka.

Ranar uku ga azumi ina suyar kitse da rana tsaka, maƙwabcina ya leƙo ta kan katanga ya ce, "Garba, ka ji tsoron Allah. Kana karya mana azumi ta hanci." Na ce ya yi haƙuri, aikin addini ake yi.

Kaya suka tashi kamar ana rabawa kyauta. Mata na aikowa daga unguwanni a sayo na sahur. Wani dattijo ya riƙe hannuna ya sa mini albarka har na ji kunya, amma ban ji kunyar da za ta sa in faɗi gaskiya cewa a bakin direba na ji ba. Sai Alhaji Sabo ya kira ni.

Ya ce, "Garba, maganar nan ta garin alade, ka tabbata?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni da nake cikin sana'ar?"

"To na sallami mutanen Kano. Ba zan sayar wa Musulmi abin da nake shakka ba. Ka cika mini siton baya, har sama."

Na cika shi. Ni da Hajara muka yi ta zuba da naɗi har bayan babbar salla, kwali a kan kwali sai da suka taɓo kwanon rufi. A cikin kwanakin nan ne Hajara ta ce mini, "Malam, tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin kyanwa ta zo gaisuwa ba sai bana. Jiya bakwai na ƙirga a kan katanga, duk murhunka suke kallo."

Na ce, "Farin jini ne."

Ta ce, "To Allah ya sa na mutane ne."

Sai bazara ta sauka. Wanda bai yi bazara a Dutse ba bai san zafi ba. Duwatsun nan suna shan rana tun safe, su yi ta amayo ta har washegari, ƙadangare ma da ƙafa uku yake tafiya don ya hutar da ɗaya. Ana cikin haka wani mai bas ya tsaya a ƙofar gidana ya ce Alhaji Sabo na nemana, kuma ya ce in zo da kaina, kada in aiko da amsa.

Na same shi zaune a kan benci a gaban shago, 'yan tireda huɗu tsaye a kansa, kowa da kwali a gabansa. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi zafi. Alhaji mutum ne da ba ya ɗaga murya, shi ya sa ake tsoronsa. Ya miƙo mini mabuɗi ya ce, "Buɗe siton ka gaisa da kayanka."

Warin ne ya fara yi mini maraba, irin na tukubar mai tsire da aka manta ba a wanke ba tun salla. Kwalayen sama, na kusa da kwano, kyandir ɗin ciki ya lanƙwashe kamar lauje, wasu sun rungumi juna sun zama curi guda. Na ƙasa kuwa ɓeraye sun shiga. Sun cinye kakin tas sun bar lagwani a jere kamar taliya. Kuma ɓerayen ba sa gudu, domin ba za su iya ba. Ɗaya daga cikinsu ya dube ni ido cikin ido, tumbinsa na jan ƙasa, ya ci gaba da tauna. Na rantse wancan in mahauci ya gan shi sai ya taya.

Da na fito, wani ɗan tireda daga wajen Kiyawa ya ce, "Malam Garba, wata tsohuwa ta dawo mini da fakiti biyu. Ta ce duk sanda ta kunna, jikokinta sai su kewaye ta suna kuka wai ta ɓoye nama."

Sauran suka yi dariya. Alhaji bai yi ba.

Ya ce, "Garba, a kan maganarka na sallami mutanen da na shekara ina hulɗa da su. A kan maganarka na gaya wa waɗannan bayin Allah su bar na Kano. Kasuwa biyu na ba ka, mako biyu ke nan. Ka kwashe wannan, ka kawo mini kyandir da zai tsaya da ƙafarsa. In ba haka ba, mu ci gaba da gaisawa a masallaci."

Hanyar da kyandir zai tsaya da ƙafarsa a bazara ɗaya ce, farin garin nan. Garin da ni da bakina na haramta wa rabin Jigawa. Washegari da sassafe na hau mota sai Ringim.

Kawu Ilu ya saurare ni har na gama. Sai ya fara dariya, dariya ta koma tari, tari ya koma dariya, sai da na kawo masa ruwa. Da ya samu numfashi ya ce, "Tashi."

Na tashi. Ashe ko da na shigo, a kan tsohon buhun nan na zauna, kamar yadda na saba.

"Juya shi. Me ka gani?"

Na juya. Buhun sitarin ne. A jikinsa ga zanen bishiya ɓaro-ɓaro, da ganyenta da nonnan 'ya'yanta.

Na ce, "Kwakwar manja ce, Kawu."

"Daga jikinta ake fitar da wanda muke saye. Kowa a kamfani ya san haka, har mai gadi. Wata huɗu kana zaune a kan amsar. Da ka taɓa ɗaga mazaunanka ka duba, da ba ka je kwata ba." Ya sake kurɓar ruwa. "Kitse kuwa, kana tsammani kai ka fara tunaninsa? Tsofaffin ma'aikata sun gaya mana da shi aka fara, ɓera da zafi suka sa aka bari."

Na ce, "To yanzu yaya zan yi?"

"Kyandir mai sauƙi ne, kwana goma ka gyara. Maganar da ka saki ce aiki. Duk inda ka faɗe ta, can za ka koma da ƙafarka ka janye. Ɗauki buhun."

Haka na yi yawo da tsohon buhu a kafaɗa kamar mai tallan gawayi. Na fara da limamin unguwarmu. Ya duba bishiyar, ya sa aka karanta masa rubutun, ya ce garin ba shi da laifi, mai laifi shi ne wanda ya ɗauki zance a teburin shayi ya raba wa jama'a bai bincika ba, kuma yana ganin na san mutumin. Na je teburin mai shayi, na je majalisa, na je bakin tasha. Ranar kasuwa na tsaya a gaban shagon Alhaji na ɗaga buhu sama na yi bayani. Wani mutum da kwandon barkono a ka ya tsaya ya ce, "Kai malam, bar wannan zancen. Garin nan na alade ne. Garba Mai Kyandir ne da kansa ya faɗa."

Na ce, "Ni ne Garban."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "A'a. An ce shi mutum ne mai ilimi."

Kwana goma sha biyu muka yi ni da Hajara muna zubi tun bayan sallar asuba kafin rana ta yi ƙarfi, da ruwan randa a baho don injin ya huce da wuri. Kaki tsantsa, sitarin kwano ɗaya a cikin goma, lagwani a ɗame kamar Kawu na tsaye a kaina. Na wanke duro da toka sau uku. Kyanwoyin suka zo kwana biyu, suka ga babu labari, suka daina gaisuwa.

Alhaji bai karɓa da baki ba. Ya kafa kyandir guda a kwalba a cikin siton kwanon nan tun hantsi, ya buɗe fakiti ɗaya ya ajiye a ƙasa a bakin ramin ɓera, ya kulle ya ce in dawo kasuwa mai zuwa. Mako guda ban ji ɗanɗanon tuwo ba. Da muka buɗe, na kwalba yana tsaye kamar soja, na ƙasa kuwa ɓera ya ɗan gatsa ɗaya ya bari, da alama ransa ya ɓaci. Alhaji ya ce a shigo da kaya. Amma ya aika Kano ya ba mutanensa haƙuri, suka dawo da rabin kantarsu, kuma tun daga ranar duk abin da na gaya masa, ko cewa na yi ana ruwa a Dutse, sai ya leƙa waje.

Curin kakiɗen da na kwaso kuwa bai tashi a banza ba. Dukawa suka saya suna shafa wa zare da fata, masu amalanken shanu suka saya suna shafa wa gindin ƙafa. Shekara biyu babu amalanken da ta yi ƙara tsakanin Kiyawa da Dutse, sai dai duk inda ta bi karnuka na biye da ita.

Na ci gaba da sana'a shekaru bayan haka, har ƙananan janareto da fitilun caji suka zo suka yi mini ritaya ba tare da takarda ba. Injin yana nan a rataye a zaure. Duk saurayin da ke ganin narkarwa ce da zubawa, ya zo in ba shi zare ya ɗame mini bututu goma sha biyu, in zo in ɗana.

Samarin nan masu waya, mun sake haɗuwa da su a wajen wani suna a watan jiya. Na gyara zama na fara musu daga farko, cewa ni ne na haskaka Dutse. Sai na hango Alhaji Sabo a kan tabarma kusa da mu, ya tsufa, sanda a gefensa, yana ɓare goro. Na ce, "Yawwa, ga shaida. Alhaji, ranka ya daɗe, gaya wa yaran nan wane ne Garba Mai Kyandir a wancan zamani."

Ya gama tauna goronsa tukuna.

Ya ce, "Haske dai ban riƙe ba, Garba. Amma na shaida babu wanda ya taɓa ciyar da ɓerayen Shuwarin kamar kai. Har yau in na buɗe sito, jikokinsu kan leƙo su ga ko kai ne ka dawo."